Yadda Ake Koyar da Lissafi ga Yaran Aborijin na Ostireliya

Malamin da aka tura wata firamare a ƙauyen Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, ko a Arnhem Land da ke can arewacin Ostireliya ko a hamadar da ke bayan Alice Springs, abu ɗaya zai yi ta cin karo da shi tun makon farko. Zai ba yaro tambayar lissafi, yaron ya yi gum ko ya faɗi abin da ba shi ba, malam kuma ya rasa inda gizo ke saƙar. Lissafin ne bai shiga ba? Turancin ne bai gane ba? Kunnen ne bai ji ba? Ko ya sani sarai, faɗa a gaban jama'a ne ba zai iya ba? Matsaloli huɗu ne, kowace da maganinta, amma a takardar jarrabawa duk sifili suke haifarwa. Matakan da ke biye hanya ce ta rarrabe su. Wanda ya taɓa koyar da lissafi da Turanci ga yaran da Hausa ko Fulatanci kaɗai suke ji a gida ya san rabin labarin, sauran rabin kuwa na Ostireliya ne zalla.

Mataki na farko: gano da wane harshe kowane yaro yake tunani

Aborijin ba ƙabila ɗaya ba ce. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788 ana magana da harsuna sama da 250 a nahiyar. A yau waɗanda yara ke tashi da su a baki ba su wuce goma sha wani abu ba, irin su Warlpiri a Yuendumu da Lajamanu, harsunan Yolŋu a Yirrkala da Galiwin'ku, Pitjantjatjara a tsakiyar hamada, Murrinhpatha a Wadeye, da Anindilyakwa a tsibirin Groote. Ƙidayar 2021 ta nuna Aborijin da mutanen tsibiran Torres Strait sun haura 812,000, wato kashi 3.2 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma galibinsu a birane da garuruwa suke zaune, musamman a New South Wales da Queensland. Saboda haka kada ka shiga aji a unguwar Sydney da shirin da aka yi wa yaron hamada.

A aji za ka tarar da yara iri uku. Akwai mai harshen gargajiya, wanda Turanci ne harshensa na biyu ko na uku ko ma na huɗu. Akwai mai Kriol, harshen da ya yaɗu daga wajajen Ngukurr da Katherine har zuwa Kimberley. Sai mai Turancin Aborijin, wanda karin Turanci ne mai nasa ƙa'idojin. Na farkon ba ya ɓoyuwa, kowa ya san yana buƙatar taimako. Na biyun ne ake cuta, domin kalmominsa sun yi kama da na Turanci, malam sai ya ɗauka gurɓataccen Turanci ne kawai kuma yaron yana fahimtarsa. A Kriol kalmar da ta samo asali daga "half" tana iya nufin wani yanki na abu, babba ko ƙarami. Ka ce wa yaro ya ba ka rabin lemo, ya yanko maka ɗan ɓangare, ka ɗauka bai san rabi ba, alhali umarninka ya bi daidai da yadda ya ji shi.

A makon farko ka buɗe littafi, kowane yaro da shafinsa: harshen da ake yi a gidansu, harshen da yake yi da abokansa a filin wasa, da wanda yake amsa maka da shi. Ba kai za ka cike shafin kai kaɗai ba.

Mataki na biyu: mataimakiyar malami abokiyar aikinka ce

Kusan kowace makaranta a waɗannan ƙauyuka tana da mataimakan malamai 'yan gari, galibi mata, wasunsu sun yi horo a cibiyar Batchelor da ke kudu da Darwin. Malamai baƙi suna zuwa suna tafiya, wasu ko shekara ba sa cikawa, ita kuwa tana nan, ta ga malamai goma kafin kai. Babban kuskure shi ne a mayar da ita mai feƙe fensir da tsawatar wa yara. Ka ware lokaci kowane mako ku zauna ku tsara darussan lissafi tare. Ka nuna mata abin da kake so yara su gane, ka tambaye ta yadda ake faɗinsa a harshen gari. Sau da yawa za ta ce maka, "Ba haka muke faɗa ba, bari in tambayi tsofaffi." Ka jira amsar, a nan ne darasin yake gyaruwa.

Ka binciki matsayin makarantarku a kan harshe. An fara koyarwa da harsuna biyu a yankin Northern Territory da ke arewacin ƙasar a 1973, zamanin gwamnatin Firaminista Whitlam. A 2008 gwamnatin yankin ta ba da umarni cewa sa'o'i huɗu na farkon kowace rana da Turanci za a yi su, abin da ya karya lagon shirin a makarantu da dama, ko da yake wasu kamar Yirrkala da Yuendumu sun riƙe nasu. Ko makarantarku ba ta da shirin, babu abin da ya hana mataimakiyarka ta fara bayanin sabon abu da harshen gida, kai ka biyo da Turanci.

Daga wurinta za ka koyi abubuwan da ba a rubuta a manhaja ba. Akwai dangantakar da ta hana wasu yara biyu zama kusa da juna ko miƙa wa juna abu hannu da hannu, kuma a wajen Yolŋu akwai ƙa'idoji masu tsauri tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwarsa. Ka bari ita ta raba yara rukuni-rukuni. Idan aka yi rasuwa, ana daina ambaton sunan mamacin na tsawon lokaci, har da kalmomin da suka yi kama da sunan, kuma a ƙasar Warlpiri masu irin sunan sai a koma kiran su Kumanjayi. Don haka kafin ka buga tambayar da ke cewa wane ya sayi lemo biyar, ka nuna mata sunayen.

Iyaye kuma kada ka yi saurin yanke musu hukunci idan ba su zo makaranta ba. Har zuwa shekarun 1970 hukuma tana ƙwace yaran Aborijin daga hannun iyayensu, sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Kakar yaron da ke gabanka ta iya yiwuwa tana cikin waɗanda aka ɗauke. Kai za ka fita ka same su, a bakin kanti ko a filin ƙwallo, kuma zuwanka na farko kada ya zama na kai ƙara.

Mataki na uku: duba kunne

Ciwon cikin kunne ya zama ruwan dare a ƙauyukan nesa. Binciken da aka yi a Northern Territory ya sami kusan tara cikin goma na ƙananan yara da wani nau'insa. Jin yaron yana hawa yana sauka, yau ya ji ka, jibi kamar ta bayan bango kake magana. Alamominsa: yaro yana kallon bakinka, yana leƙen abin da na kusa da shi ke yi kafin ya fara, yana gajiya da wuri, ko ana ta kiransa mai taurin kai. Ka haɗa shi da asibitin gari. A aji ka fuskanci yara in za ka yi magana, kada ka yi bayani kana rubutu a allo, ka rage ƙarar fanka da jan kujeru, in akwai na'urar ƙara sauti ta aji ka rataya makirufonta kullum. Duk lambar da ka faɗa da baki ka nuna ta a kati.

Mataki na huɗu: gwada lissafinsa ba tare da Turanci ba

An daɗe ana yaɗa cewa Aborijin "ɗaya, biyu, da yawa" kawai suka sani. Gaskiya ne wasu harsunan kalmomin ƙidayarsu kaɗan ne, Warlpiri na gargajiya yana da jinta da jirrama, sai kalmomin "kaɗan" da "da yawa". Amma Yolŋu suna raba ƙwan kunkurun teku biyar-biyar, kowane tuli sunansa rulu, kuma Wurundjeri na wajen Melbourne a da suna ƙirga kwanaki a gaɓoɓin jiki, daga ƙaramin yatsa a bi hannu har zuwa ka. A 2008 Brian Butterworth da Robert Reeve da abokan aikinsu suka gwada yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai masu jin Warlpiri da Anindilyakwa, suka kwatanta su da yara masu Turanci a Melbourne. A ayyukan da ba sa buƙatar kalmar lamba, yaran Aborijin ba su gaza ba.

Irin gwajin nasu za ka iya yi da tabarma biyu da 'yan duwatsu, mataimakiyarka tana ba da umarni da harshen gida:

Ka zuba duwatsu a tabarmarka, yaro ya kalla, ka rufe da ƙyalle, ya zuba irin adadin a tasa. Ka fara da uku, ka riƙa ƙarawa.

Ka sa biyu ƙarƙashin ƙyalle yana gani, ka tura ɗaya ko uku su same su, ya nuna maka a tasa tabarmar nawa ke ciki yanzu.

Ka buga sanda biyu sau biyar, ya ajiye dutse ɗaya a madadin kowane bugu.

Ka ba shi abu tara ya raba wa 'yan tsana uku, sannan ka ba shi goma ka ga yadda zai yi da ragowar.

Ka lura da yadda yake yi, ba amsar kaɗai ba. Yara da yawa za ka ga siffar yadda duwatsun suka zauna suke riƙewa, su sake jera su daidai wurin da suka gan su. Wannan baiwa ce da za ka yi amfani da ita: katunan ɗigo-ɗigo, ƙwayar ludo, da akwatin gida goma mai layi biyu na biyar-biyar za su yi maka aiki fiye da rera ɗaya zuwa ɗari.

Sai dai kada a yaudari kai. Yaron da ba a saba tambayarsa shekarunsa nawa ko yatsunsa nawa a gida ba, zai zo makaranta da ƙarancin sabo da ƙidaya idan aka kwatanta da ɗan birni. Wannan giɓi ne na gaske, kuma da koyarwa kai tsaye ake cike shi, kullum, minti goma zuwa sha biyar: ƙirga gaba, ƙirga baya, fara ƙirga daga tsakiya, taɓa abu ɗaya a faɗi lamba ɗaya, da gane cewa lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce yawan abin duka.

Mataki na biyar: fara daga inda suka fi ka

Wurare biyu ne yaran ƙauyukan nesa suka fi yawancin malamansu, sanin gabas da yamma da kudu da arewa, da sanin dangantaka.

A Hopevale da ke kusa da Cooktown masu harshen Guugu Yimithirr ba sa cewa abu yana dama ko hagu da kai, sai dai gabas ko yamma, kudu ko arewa, ko da cokali ne a kan tebur. A Pormpuraaw, Lera Boroditsky da Alice Gaby sun ba mutane hotuna su jera bisa tsarin lokaci, sai suka ga daga gabas zuwa yamma suke jerawa: mai fuskantar kudu ya jera daga hagu zuwa dama, mai fuskantar arewa ya jera daga dama zuwa hagu. Yaran Warlpiri ma da kakarrara da karlarra, wato gabas da yamma, suke tashi. Abin da wannan ke nufi a aji shi ne kada ka ɗauka kowa ya san cewa layin lambobi daga hagu yake farawa ya nufi dama. Ka faɗe shi, ka nuna shi. Ka fitar da su waje, ka ja layi a ƙasa, ka sa sifili a gabas, su taka da ƙafa suna ƙirgawa. Darasin kusurwa ka fara shi da juyi: fuskanci arewa, juya zuwa gabas, wannan kwatan zagaye ne, daga baya ka ba shi suna digiri 90. Taswirar gari kuma su fara zana ta a yashi, don sun saba kallon ƙasa daga sama a zanen iyayensu, sannan a ɗora mata layukan murabba'i a koyi nuna wuri da lamba biyu. Dama da hagu ka koyar da su a matsayin sabon abu, kamar kowace baƙuwar kalma.

Dangantaka ta fi wannan zurfi. Warlpiri sun kasa jama'a gida takwas, kowane mutum da sunan gidansa tun haihuwa, na maza yana farawa da J, na mata da N. Idan aure ya bi ƙa'ida, 'yar Nakamarra Nungarrayi ce, 'yar Nungarrayi Nampijinpa ce, 'yarta kuma Napanangka, ita kuma ta haifi Nakamarra. An zagayo bayan hawa huɗu. Ta wajen maza zagayen biyu ne: ɗan Jakamarra Jupurrurla ne, ɗan Jupurrurla kuma Jakamarra. Masana lissafi sun nuna cewa tsarin gaba ɗaya rukuni ne mai mambobi takwas irin wanda ake karantawa a aljabarar jami'a, ga shi yara 'yan firamare suna sarrafa shi da ka.

Ga yadda ake mayar da shi darasi. Mataimakiyarka, ko wata dattijuwa da ta gayyato, ta tsayar da 'yan mata huɗu a da'ira, kowace da katin suna ɗaya. A ba Nakamarra lamba 1, Nungarrayi 2, Nampijinpa 3, Napanangka 4. Dattijuwar ta tambaya: to ta biyar fa? Za su amsa tun kafin ta rufe baki. A ci gaba da zagayawa ana ajiye katin lamba a gaban kowace, har 12. Yanzu kai ka shigo. Wa ya sami 4 da 8 da 12? Ga jadawalin huɗu ya fito. Wa zai sami 10? A raba 10 gida huɗu-huɗu, saura 2, Nungarrayi ke nan. To 23 fa, ba tare da an zagaya ba? Huɗu sau biyar 20, saura 3, Nampijinpa. Sun yi rabawa mai ragowa, kuma ragowar tana da ma'ana a wurinsu. Zagayen maza kuma shi ne ƙofar lambobin mara da cika.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Makarantar Yirrkala ta gina manhajar lissafi da ake kira Garma tun shekarun 1980, inda aka jera gurruṯu, wato tsarin dangantakar Yolŋu, kafaɗa da kafaɗa da tsarin lambobi, domin dukansu 'yan ƙa'idoji kaɗan ne da ake maimaitawa ba iyaka. Dakta M. Yunupingu, wanda ya zama shugaban makarantar a 1990, yana cikin jagororin aikin, tare da Helen Verran, wadda kafin nan ta koyar a jami'ar Ife tana nazarin ƙidayar Yarbawa.

Gargaɗi biyu. Ba kai za ka koyar da dangantakar ba, ba taka ba ce, kuma akwai ilmin da ba a buɗe wa kowa, wani na maza ne kawai, wani na mata. Ka nemi izini, masu abin su yi magana. Na biyu, kada ka kwashi tsarin Warlpiri ka kai wa yaran wata ƙabilar. A ganina darasin da ya fi kowanne rashin amfani shi ne wanda aka ɗauko tambayar littafi yadda take, aka cire lemo aka sa kangaru, aka ce an shigar da al'ada.

Mataki na shida: jiki, hannu, sannan alama

Shirin YuMi Deadly Maths na jami'ar QUT da ke Brisbane ya tsara kowane darasi a zagaye mai zango huɗu: a fara da abin da yaro ya sani a rayuwarsa, a ciro lissafin daga ciki ta hanyar jiki da hannu da tunani, a yi aiki da alamomi da ƙa'idoji, a komo da shi rayuwa. Yawancin malamai zango na uku kawai suke yi.

Ɗauki matsayin lamba, wato bambancin 2 da ke cikin 25 da 2 da ke cikin 52, wanda shi ne inda yara da yawa suke maƙalewa har su gama firamare. Ka samo tsinkaye masu yawa da robar ɗauri. Kowane yara biyu su sami kwali da aka raba gida biyu, gidan ɗaiɗai da gidan gomomi. Su jefa ƙwayar ludo, abin da ya fito su ɗebi tsinkaye su zuba a gidan ɗaiɗai. Doka ɗaya ce: da sun kai goma a ɗaure su a tura gidan gomomi. Bayan kowace jifa su faɗa da baki, "ɗauri uku da guda biyu," da harshen gida da Turanci, su rubuta 32. Su yi kwanaki suna wannan har ɗauri goma su haɗu su zama babban ɗauri na ɗari. Sannan a juya wasan, a riƙa ɗebewa. Yaro yana da 32, aka ce ya cire 7, ga guda biyu kacal a gidan ɗaiɗai. Ka yi shiru ka bar shi. Can za ka ga ya kai hannu ya kwance ɗauri ɗaya, ya zama yana da ɗauri biyu da guda 12, ya cire 7, saura 25. Sai bayan ya yi haka sau da yawa za ka nuna masa yadda ake soke 3 a rubuta 2 a takarda. Ka guji kalmar "aro", domin ba a mayar da abin, kwancewa ake yi.

Don aljabara, Chris Matthews, ɗan Quandamooka daga tsibirin Minjerribah mai digirin digirgir a lissafi kuma jagoran ATSIMA, ƙungiyar bunƙasa lissafi ga Aborijin da mutanen tsibiran Torres Strait, yana da hanyar da ke ɗaukar lissafi a matsayin ba da labari. Yara su shirya ɗan wasa: mutum uku suna zaune, biyu suka zo suka same su, suka zama biyar. Su zana labarin da alamomin da suka ƙirƙira da kansu, tasu alamar ta "suka haɗu" da tasu ta "ya zama daidai da". Su karanta wa juna. Sai ka cire mutum ɗaya daga ɓangaren biyar ɗin ka tambaya: labarin yana nan daidai? Me za a yi wa ɗaya ɓangaren ya daidaita? Daga nan suke gane cewa alamar daidai ma'auni ce mai hannu biyu, ba umarnin "rubuta amsa" ba. In ka rufe wani adadi da kofi ka ce a gano abin da ke ciki, an shiga aljabara ke nan, harafin x daga baya yake zuwa.

Mataki na bakwai: koyar da Turancin lissafi kamar darasi mai zaman kansa

Kowane darasi ka zaɓi kalma biyu ko uku da jimla ɗaya da kake so yara su iya faɗa, ka rubuta su a bango da zane.

Wuraren da aka fi tuntuɓe sanannu ne. Yawancin harsunan Aborijin ba su da sautukan s da f da z, kuma waɗannan siraran sautuka su ne suke fara ɓacewa ga mai ciwon kunne. Ka haɗa wannan da kamannin "thirteen" da "thirty", ko "fifteen" da "fifty", ka ga irin wahalar. Ga kuma "fourteen" da ake fara faɗin huɗu amma a fara rubuta ɗaya, shi ya sa yaro ke rubuta 41. Wasu malamai sukan fara da 20 zuwa 99, inda faɗa da rubutu suka jitu, su komo kan 11 zuwa 19 daga baya, kuma dabara ce mai kyau. Kwatance ma yana ba da wuya, domin harsuna da yawa ba sa gina "ya fi tsawo" yadda Turanci ke yi, sai a ce wannan dogo ne, wancan gajere. Ka jera yara uku, na tsakiya ya fi ɗaya tsawo kuma ɗayan ya fi shi, a yi ta faɗin jimlar har ta zauna. Sai kalmomin da ke da ma'anar gida da ta lissafi, irin "table" da "odd" da "left" da "difference", da ƙananan kalmomi irin "by" da "into" da "from" waɗanda su ne ke nuna wace lamba za ta fara zuwa.

Tambayar labari kada ka miƙa ta a takarda haka nan. A karanta tare, mataimakiya ta sake ba da labarin da harshen gida, yara su yi wasansa ko su zana, sannan a nemi lissafin. Kada ka koya musu farautar kalma, irin "in ka ga kaza to tarawa ce", don tambayar farko da ta saɓa wa dokar za ta kayar da su.

Mataki na takwas: yadda ake tambaya

A gidaje da yawa yaro yana koyo ne ta kallo, ya yi ta kallo har sai ya tabbata zai iya, sannan ya gwada. Tambayar da mai yin ta ya riga ya san amsa baƙon abu ce. Ware mutum ɗaya a gaban jama'a, ko don yabo ne, yana jawo abin da suke kira "shame", wanda ya fi kunyar da muka sani nauyi. Don haka ka yi misali biyu ko uku cikakku suna kallo kafin ka ce su yi. Ka ba kowa ɗan allo, kowa ya rubuta amsa a ɗaga tare. In ka yi tambaya ka jira, shiru ba rashin sani ba ne. Wanda ya sunkuyar da kai ba raini yake yi ba, a wurare da yawa ladabi ne. Gyara da yabo ka yi su a hankali kana tsugune kusa da yaro. Kuma ka daina tambayar "kun gane?", za a ce maka e don a rabu lafiya. Ka ce, "Nuna mini da tsinkaye."

Mataki na tara: ƙwallo, kuɗi da lokaci

A ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, wadda ake haukanta a tsibiran Tiwi da ƙauyukan hamada, babban ci maki 6 ne, ƙaramin ci maki 1. Ƙungiyar da aka rubuta mata 7.5, wato manyan ci 7 da ƙanana 5, tana da maki 47. Yaran da aka ce ba su iya jadawalin shida ba suna lissafa wannan a bakin fili. Ka kawo sakamakon wasan ƙarshen mako ranar Litinin. Wa ya yi nasara tsakanin 8.3 da 7.10? Na farko 51, na biyu 52, mai ƙarancin manyan ci ya lashe, kuma musun da zai ɓarke a ajin shi ne darasin. Ta hanya nawa za a sami maki 20? Huɗu ne, su nemo su. Manyan aji su rubuta ƙa'idar da haruffa.

Kuɗi yana da nasa tarko: kwabon senti 50 ya fi kowane girma, na dala 2 kuma ya fi na dala 1 ƙanƙanta. Ga shi sayayya da yawa da kati ake yi, yaro bai cika ganin canji ba. Ku buɗe kanti a aji da farashin kantin gari na gaske. In kun zo kan takardar dala 50, ka nuna musu hoton David Unaipon, ɗan Ngarrindjeri da ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta almakashin sausayar tumaki a 1909.

Lokaci kuwa, ka fara da kalandar gari. Noongar na kudu maso yamma da mutanen Kakadu da ke arewa kowannensu yanayi shida yake ƙirgawa a shekara, kuma iska da furanni da dabbobi ne ke nuna shigowar kowanne, ba kwanan wata ba. A zana da'irar yanayin da taimakon dattawa, a ɗora watanni 12 a kanta, daga nan a wuce zuwa fuskar agogo.

Mataki na goma: fashi, gwaji da inda aka dosa

Za a yi fashi. Zaman makoki yana iya ɗaukar makonni, ga bukukuwan al'ada, ga damina da ke yanke hanya. Ka tsara manyan batutuwa, ƙidaya da matsayin lamba da ninkawa da kashi-kashi, su riƙa dawowa kowane zango, kuma tsarin darasin kullum ya zama iri ɗaya yadda wanda ya dawo bayan mako uku zai san inda zai zauna da abin da zai ɗauka. In ya shigo ka yi masa maraba, tambayar ina ya shiga ka bar wa mataimakiya.

Jarrabawar ƙasa ta NAPLAN, da ake yi tun 2008 a aji 3 da 5 da 7 da 9, da Turanci take, saboda haka sakamakonta a irin wannan makaranta ya cakuɗa lissafi da harshe. Ka koya musu siffar tambayoyinta don kada ta zo musu baƙuwa, amma naka gwajin ka yi shi baki da baki, yaro ɗaya a lokaci ɗaya, da tsinkaye a gabansa da mataimakiya a gefe. Kowace amsa da ba daidai ba ka rubuta a shafinsa wanne ne cikin huɗun: lissafi, harshe, kunne ko kunya.

Duk wannan sassauci a hanya yake, ba a manufa ba. Chris Sarra, da ya karɓi makarantar Cherbourg a Queensland a 1998, ya gina aikinsa a kan cewa yaro zai iya alfahari da zamansa Aborijin kuma a nemi ƙwazo cikakke a wurinsa, har fashi ya ragu sosai a makarantar. Ɗan aji biyar da ke aikin aji biyu yana buƙatar a cike masa giɓin da sauri, da kayan da suka dace da shekarunsa, ba takardar shafa kala ba. Ka rubuta wa kowane yaro abu ɗaya da zai iya nan da mako biyar, misali ɗebewa mai kwance ɗauri har zuwa 100, ka gaya masa, ka gaya wa mataimakiya da wanda ke riƙonsa a gida, in lokacin ya cika ku zauna ku gwada, ku sa na gaba.